Hausar majami'a ma Hausa ce

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, duk inda malamai suka zauna lissafin waɗanda suka yi wa harshen hidima sai a kira makaɗan fada, a kira malaman ajami, a kira ƴan wasan kwaikwayo na rediyo, kuma duk sun cancanta. Amma akwai jama'ar da ake tsallakewa kamar an haɗa baki: Hausawa Kirista na Katsinar Maraɗi da Gobir.

Hujjar masu tsallaken ita ce wai waɗannan mutane baƙi ne, addininsu na Nasara ne. To, a duba tarihi. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta kafa zango a Tsibiri. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausar boko a 1932. A lokacin nan lakwal ɗin Faransa ba ta yarda yaro ya buɗe baki da harshen uwarsa ba, kuma sai a 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a makarantun gwamnati. A tsakanin nan, su wane ne ke karatun boko da Hausa kowane mako, a gaban jama'a, maza da mata? Masu sujadar ranar Lahadi ne. Wa'azi da Hausa, addu'a da Hausa, waƙa da Hausa, har matan zumunta suka shigo da kiɗansu da guɗarsu. Manomin da bai taɓa zama a kan bencin lakwal ba ya koyi haɗa baƙi da wasali domin ya bi aya da yatsa. Malamin Hausa da ya ce wannan bai shafi darasinsa ba ya yanke wa tarihin rubutun boko reshe guda.

Baƙuntar kuwa ba a tuna ta sai an warke. Mutumin Gabi ya san hanyar Danja, cikin gundumarsa ta Madarumfa, inda mishan ta buɗe wurin jinyar kutare a 1956, lokacin da dangi kansu ke gudun kuturu. A 2012 aka ƙara da asibitin mata masu yoyon fitsari, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki a can Musulmi ne. Haka sassabin zamani: a 1983 Toni Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturen da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. A bar toho biyu ko uku, a rage sauran, sai itace ya tashi ba dashe ba ban ruwa. Manoma suka karɓa, suka gyara dabarar da hannunsu, har aka ƙiyasta ta farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a ƙasar. Wanda ke zaune bakin dajin Baban Rafi ba ya buƙatar a yi masa bayanin darajar itace.

Mishan ba ta rasa laifi ba. Ta daɗe tana ɗari-ɗari da ilimin Faransanci, ta kuma haɗa magani da wa'azi ta yadda marar lafiya ba ya da bakin musu. Sai dai laifin Bature na jiya ba ya zama lasisin ƙona ɗakin ibadar maƙwabci. An kai wa majami'u hari a Maraɗi a Nuwamba 2000, an ƙona su da dama a Damagaram da Yamai a Janairu 2015, an sake cinna wa wata wuta a unguwar Zariya ta Maraɗi a Yuni 2019. Da yawa daga cikin masu zama a kan kujerun nan Hausawa ne, masu zane irin na kowa, masu kaka ɗaya da liman.

Yawancin waɗanda ake turawa da ashana samari ne, kuma da yawansu sun ratsa ta ajin wani malami. Saboda haka aikin yana kan malamai da ƙungiyoyin al'adu. A sa Danja da Tsibiri cikin darasin tarihin jiha. A ɗauki muryar tsofaffin matan zumunta kafin su ƙare, a ajiye ta kusa da ta makaɗan Gobir. In za a yi taron harshen Hausa a Madarumfa, a aika wa majami'a takardar gayyata yadda ake aika wa fadar sarkin Gabi.