Aljihu Ma Kayan Aiki Ne

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kasuwanni sun cika. Yanzu ne kuɗi yake shiga hannun manomi, yanzu ne kuma ya fi saurin ɓacewa. A taron wata ƙungiyarmu da muka halarta, wata 'yar'uwa ta tashi ta ba da labarinta tana share hawaye. Ta kai waken soya buhu biyu kasuwa ta sayar, ta ƙulle kuɗin a bakin zane kamar yadda ta saba. Ta shiga motar komawa gida, aka matsu, ga goyo a baya. Da ta sauka ta kai hannu, sai ta tarar ƙullin ya kwance. Ko faɗuwa kuɗin suka yi, ko wani ne ya taimaka musu, Allah kaɗai ya sani. Cikinsu akwai bashin taki da za ta mayar wa ƙungiya, da kuɗin makarantar 'yarta.

Aka yi mata addu'a, aka yi mata karo-karo, haka kuwa ya kamata. Amma a hanyar gida muka yi ta tambayar juna: me ya sa mijinta yake yawo da aljihu huɗu ko biyar a jikinsa, ita kuwa da ta ɗauko kuɗin ba ta da ko ɗaya?

Ba a daɗe ba sai wani saurayinmu mai aiki a birni ya zo gida da wata irin safa wadda ba mu taɓa gani ba. Doguwa ce, an ɗinka mata ɗan aljihu a gefe, sama da idon sawu, da ƙaramin zif. Ya ce a Amurka da Turai ana sayar da irinta domin masu wasan gudu da matafiya. Mai gudu ya fita da gajeren wando marar aljihu, yana neman inda zai sa mabuɗin ƙofarsa. Matafiyi kuwa yana so ya ɓoye takardar kuɗi ɗaya ko biyu inda ɗan sane ba zai kai hannu ba. Safar ta zaga hannu-hannu ana ta dariya. Wani dattijo ya ce shi kam rabonsa da safa tun ranar aurensa.

Mu ma ba mu ga amfaninta a gonarmu ba. Wa zai shiga fadamar shinkafa da safa? Ƙafa tana gumi, takardar naira kuwa gumi yana lalata ta. In kuma kana tsakiyar kasuwa ka sunkuya ka ɗaga ƙafar wando domin ka biya mai manja, ai ka nuna wa kowa inda ajiyarka take. Yaran mota sun daɗe suna tura kuɗi cikin safa, ɓarayi ma sun daɗe da sanin haka. Abin da za mu yarda da shi ɗaya ne: mai doguwar tafiya ya raba kuɗin motar komawa gida dabam ya sa a irin wannan wuri, ya yi hikima.

Duk da haka kada mu tsaya ga dariya. Wanda ya yi safar nan ya dubi wata 'yar damuwa ta mutanen ƙasarsa, ya nemi maganinta da allura da zare. Abin da muke so mu koya ke nan, ba safar ba.

Bari mu ba ku labarin wani tela, sunansa Jacob Davis, wanda ya zauna a garin Reno, jihar Nevada ta Amurka. Yana ɗinkin tantuna da bargunan dawaki da rufin keken doki. A ƙarshen shekarar 1870 matar wani mai saran itace ta zo wurinsa, ta ce tana so a yi wa mijinta wando wanda ba zai yage ba. Davis ya san inda wandon lebura yake fara mutuwa, wato kusurwar aljihu, wurin da hannu yake shiga yana fita, kaya kuma suna ja. A kan teburinsa akwai 'yan ƙusoshin jan ƙarfe masu faɗin kai waɗanda yake kafa wa maɗaurin bargon doki. Sai ya kafa su a kusurwoyin aljihun. Wandon ya yi ƙarko, labari ya bazu, leburori suka yi ta zuwa.

Da ya ga wasu za su kwaikwayi aikinsa, ya so ya sami takardar gwamnati wadda take hana wani yin irin abin da mutum ya ƙago har wasu shekaru. Ba shi da kuɗin nemanta. A 1872 ya rubuta wa Levi Strauss, ɗan kasuwar San Faransisko wanda yake sayen yadi a wurinsa, ya ce su haɗa kai. Ran 20 ga Mayu 1873 aka ba su takardar. Asalin wandon jins ke nan, wanda samarinmu suke sawa yau. Ku duba bakin aljihunsa, za ku ga ƙusoshin suna nan. Ɗan ƙaramin aljihun da ke cikin babban kuwa, domin agogo aka yi shi. Dabarar ma ba ta fito cikakkiya ba. Ƙusoshin aljihun baya suna ƙarzar kujeru da sirdi, mutane suka yi ta kuka, sai a 1937 kamfanin ya rufe su da yadi.

Telan nan ba babban masani ba ne. Ya saurari matar lebura, ya ɗauki abin da ke gabansa ya yi aiki da shi.

Haka kuma wani injiniya na ƙasar Suwizalan, George de Mestral. A 1941 ya dawo daga farauta da karensa, ya ga 'ya'yan wata ciyawa sun maƙale a tufafinsa da gashin karen. Ya sa su a madubin likita mai girmama abu, ya ga ashe ɗaruruwan 'yan ƙugiyoyi ne suke kama zare. Ya shafe fiye da shekara 10 yana gwaji kafin ya sami takardarsa a 1955. Shi ne Velcro, mannen nan mai ƙara da ke jikin takalman yara da jakunkuna. Mu nan ƙarangiya tun kaka da kakanni take kama bakin wandonmu, iyakarmu mu cire ta mu yi tsaki.

Kada wani ya ce aljihu abin Bature ne. Ku dubi babbar riga. Aljihunta na ƙirji yana ɗaukar goro da wasiƙa da kuɗin tafiya, aikin allurar da ake yi a kansa, ko aska biyu ko aska takwas, ado ne, yana kuma ƙara wa bakinsa ƙarfi. Iyayenmu mata suna da lalita, a ɗaure a ƙugu a ƙarƙashin zane. Matan Ingila ma haka suka yi fiye da shekara 200. Aljihunsu jaka ce dabam mai igiya, su ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin siket, su zura hannu ta wata tsaga a gefe. A ciki suke sa mabuɗai da almakashi da allura da kuɗi, wani lokaci har da abinci. Wajen shekarar 1800 aka shiga yayin riguna masu bin jiki, matan masu arziki suka koma riƙon 'yar jaka a hannu, matan da ke aikin ƙarfi kuwa suka riƙe nasu aljihun har wajen ƙarshen ƙarnin. Sun san abin da suke yi, gama mai riƙe da jaka hannu ɗaya ya rage mata.

Yayin nan bai saki mata ba. A 2018 wasu 'yan jarida mata biyu a Amurka suka auna wandunan jins 80 na kamfanoni 20. Suka tarar aljihun gaba na mata ya gaza na maza zurfi da kashi 48 cikin 100. Irin tufafin nan ne suke zuwa mana a gwanjo, su ne kuma telolinmu suke kwaikwayo. 'Yan matanmu sun bar lalita domin wai ta tsofaffi ce, ba a kuwa ba su wani abu a madadinta ba. Ga shi yau kayan da mace take ɗauka sun ƙaru: waya, katin banki, katin asibitin yaro, katin ƙungiya. Duk ana cusa su a ƙirji ko a bakin zane.

To, ga ra'ayinmu. Kusan kowace Ekklisiya tana da ajin ɗinki na Zumuntar Mata, ko keken ɗinki ɗaya a gidan mai bishara, ko tela cikin membobin ƙungiya. Muna koya wa 'yan mata yanka da ado, amma aljihu a ƙarshe ake tunawa da shi, in ma an tuna. Muna roƙo a mai da shi darasin farko-farko. Dokas ta Yafa da riguna aka tuna da ita, gwauraye suka riƙe su suna nunawa, domin ɗinki ne wanda ya biya musu bukata.

Aljihun da muke nufi na ciki ne, a bi ta haɗin gefen siket ko riga, yadda ba a ganinsa daga waje. Zurfinsa ya haɗiye hannu har ya wuce wuyan hannu, in ba haka ba waya za ta zame sa'ad da aka zauna. Kada a yi shi da shafi mai laushi domin tsimi. Ragowar yadin kaki ko na tsohon wando ya fi, a ninka gindinsa biyu. Kusurwoyi biyu na bakinsa su ne wurin Davis. Ba lalle sai an sami ƙusa ba, a kai keke gaba a dawo baya sau uku ko huɗu, ko a ɗinka 'yar kusurwa uku a wurin. Wanda yake son ƙusar, masu gyaran takalma suna da ita. Aljihun kuɗi kuwa lalle ya sami marufi. Zif, wanda Gideon Sundback ya gyara a Amurka har ya sami takardarsa a 1917, yana rufewa sarai, amma ƙura da yashi suna kashe shi, mai arha ba ya kai damina biyu. Velcro yana da abin yabo guda, ba ya buɗuwa shiru, ɗan sane kuwa ba ya son ƙara. Sai dai ƙaiƙayi da auduga suna cika ƙugiyoyinsa ya daina kamawa, saboda haka bai dace da masussuka ba. Mu dai maɓalli biyu da murfin yadi muka fi amincewa da su, gama in ɗaya ya tsinke kowace yarinya ta iya mayar da shi.

Ga mai zane kuma, a sake ɗinka lalita, mai faɗi, mai ɗaki biyu: canji a gaba inda hannu yake kaiwa, manyan takardu a ciki.

Mun san abin da za a ce. Tela zai ce aljihu yana cin lokaci, ba a kuwa biyansa. Gaskiyarsa, sai ƙungiya ta zauna da shi a yanka farashin aljihu a fili, a biya. 'Yan mata za su ce yana ɓata tsayuwar riga. A rigar biki mun yarda, a bar ta yadda take, muna maganar tufafin kasuwa da gona ne. Akwai kuma magidantan da ba za su faɗa a taro ba, amma sun fi so kuɗin matar ya zauna inda ido yake gani. Waɗannan sai dattawa su yi magana da su. Matar da ta noma wakenta ta kai kasuwa da kanta ta isa a ba ta wurin ajiye kuɗinsa.

Akwai abubuwan da bai kamata su shiga aljihu ba ko kaɗan. Mun ga manoma suna zuba irin da aka gauraya da garin magani cikin aljihun riga lokacin shuka, aljihun nan kuwa shi ne na goro da gyaɗar da yaro zai laluba da yamma. Maganin iri guba ne. A sa irin a ƙwarya ko gwangwanin da ba a cin abinci a ciki, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Takin zamani ma yana jan danshi, ya narke cikin gumi ya dami fata. Wuƙa marar kube kuwa cinya take nema. Waya a buɗaɗɗen aljihun ƙirji, ranar da aka sunkuya a bakin rijiya ranar ce ƙarshenta.

Ma'ajin ƙungiya kuma, muna magana da kai cikin ƙauna. Kome kyan aljihunka, na hanya ne kawai. Kuɗin ƙungiya su tashi daga taro a rubuce cikin littafi, mutum biyu su raka su, su shiga banki ko akwatin ƙungiya kafin su kwana biyu. Kuɗin jama'a in sun daɗe a aljihu ɗaya da naka, kai kanka ba za ka iya rabe su ba, daga nan ne zargi yake shiga tsakanin 'yan'uwa.

Muna roƙon kowace ƙungiya, a taronta na gaba, kowa ya zo da rigar aikinsa ko siket ɗaya. A juya su ciki waje a gaban tela, a ga inda suka yage, a zaɓi biyar a yi musu aljihu, waɗansu da zif, waɗansu da maɓalli, waɗansu da Velcro. Bayan damina ku rubuto mana wanne ya yi ƙarko a wurinku da nawa kuka biya, za mu buga domin sauran ƙungiyoyi su gani.