Gida biyu maganin gobara: Sonny Bill Williams tsakanin zari-ruga biyu

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Su ne dai kuma suka ce gida biyu maganin gobara. Wanda ya saba zama a teburin mai shayi a ƙofar kamfanin siminti na Malbaza, ko a tashar motar Ƙwanni, ya san yadda ake jifan juna da maganganun nan biyu duk ranar da aka ji wane ya ajiye aikin gwamnati ya kama fataucin albasa, ko wane ya bar ubangidan da ya riƙe shi tun yana yaro ya koma wurin wanda ya fi sakin hannu. Wasu su ce butulu ne, wasu su ce ya san ciwon kansa. A fagen wasanni akwai mutum ɗaya da aka yi shekara 13 ana wannan gardama a kansa, daga 2008 har 2021. Sunansa Sonny Bill Williams, ɗan ƙasar Niyuzilan, sana'arsa kuwa ƙwallon zari-ruga.

Zari-ruga ba wasan ƙasar nan ba ne, akasarin waɗanda suka san shi a tashoshin talabijin na Faransa suka gan shi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, wasan iri biyu ne. Akwai na mutum 15, wanda Faransawa ke kira rugby à XV, akwai kuma na mutum 13. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce a duka biyun, ana rungumar ta a ruga, ba a kuma jefa ta gaba da hannu. Amma a wasan 13, in aka kayar da mai ƙwallo sai a sake shi ya tashi ya tura ta baya da ƙafa, in aka yi wa ƙungiya kaye 6 ba ta ci ba sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. A wasan 15 kuwa faɗuwar mutum ita ce farkon rigima: ƙarti su taru a kansa suna turereniya, kowa na neman ƙwace. Baƙo zai ce duk ɗaya ne, kamar yadda zai ce dambe da kokowa duk faɗa ne. Ɗan kokowar da ya taɓa ɗaura zare a hannu ya shiga fagen dambe ya san ba haka ba ne.

Asalin rabuwar wasannin biyu maganar lada ce. A ƙarshen ƙarni na 19, ƴan wasan arewacin Ingila leburori ne na ramukan haƙar kwal da masaƙu. Ana wasa ran Asabar, Asabar kuwa ranar aiki ce, wanda ya tafi fili an yanke masa kuɗin yini. Ƙungiyoyinsu suka nemi izinin biyan su diyyar wannan yinin. Shugabannin wasan a Landan, ƴaƴan masu hali da ba su taɓa jiran ranar biya kafin a ɗora tukunya ba, suka ce atafau, wasa don nishaɗi ake yin sa, wanda ya karɓi ko anini ya ɓata shi. Ran 29 ga Agusta 1895 ƙungiyoyi 22 suka ɓalle bayan wani taro a garin Huddersfield, a 1906 suka rage yawan ƴan wasansu zuwa 13. Ma'aikacin siminti da ya san abin da fashin yini ɗaya ke yi wa albashi ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Gabar ta yi shekara 100 cif. Wanda ya buga wasan 13 an rufe masa ƙofar wasan 15 har abada. A Faransa abin ya fi haka muni: a Disamba 1941 gwamnatin Vichy ta Pétain ta haramta wasan 13, ta ƙwace dukiyar hukumarsa. Sai a Agusta 1995, a wani taro a Paris, masu wasan 15 suka yarda da biyan albashi a fili. Daga nan ruwa ya sauya magudana. Da, mai neman kuɗi yana barin 15 ya koma 13. Bayan 1995 attajiran Faransa da na Ingila da kamfanonin Japan suka fara zawarcin gwanayen wasan 13.

An haifi Williams a birnin Auckland ran 3 ga Agusta 1985, mahaifinsa jinin tsibirin Samowa ne. Yana saurayi ƙungiyar Bulldogs ta birnin Sydney a Ostareliya ta ɗauke shi. A 2004 ya fara buga babbar gasar wasan 13 yana da shekara 18, a shekarar kuma suka ɗauki kofi. Gwanintarsa ita ce, ana cikin kayar da shi, mutum biyu na rataye a jikinsa, zai fitar da hannu ɗaya ya miƙa wa abokinsa ƙwallo ta inda ba a zata ba. A 2007 ya sa hannu a kwantaragin shekara 5 da Bulldogs. A watan Yuli 2008, tsakiyar kakar wasa, ba sallama ba bankwana, ya hau jirgi. Abokan wasansa a bakin ƴan jarida suka ji cewa ya nufi Toulon a Faransa, inda attajiri Mourad Boudjellal ke tara taurari don wasan 15.

A nan ne ya kamata a yi adalci ga ɓangarorin biyu. Hujjar Williams ita ce dokar gasar Ostareliya ta ƙayyade jimlar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, saboda haka wanda ke cika fili da ƴan kallo ba zai taɓa samun farashinsa na gaskiya ba. Kuma jarin ɗan wasa jikinsa ne, jiki kuwa kamar albasar Galmi yake: ba ya jiran farashi ya tashi. Tun a kakar 2005 rauni ya hana shi yawancin wasanni, ya riga ya ga yadda kaya ke iya lalacewa a hannu. Falken da ya ga kasuwar Abijan ta fi ta Kwatano ba wanda zai zarge shi don ya juya akalar mota. Amma falken da ya karɓi kuɗin mutum ya yi alkawarin kaya, sa'an nan ya sulale da dare, sunansa daban ne a kasuwa. Alkawari kaya ne, kuma babu wanda ya kama hannun Williams ya sa shi sa hannu a 2007. Bulldogs ta kai ƙara kotu, aka sasanta a kan diyyar dalar Ostareliya 750,000, abin da ya doshi sefa miliyan 300 a canjin lokacin, aka kuma rufe masa ƙofar gasar har kwantaragin ya cika wa'adinsa. Kuɗin an biya. Sunan maci amana kuwa ya bi shi shekaru.

A Toulon ya koyi wasan 15 tun daga tushe, a ƙarƙashin ɗan ƙasarsu Tana Umaga. A can ne kuma ya musulunta a 2009. Ya sha faɗin cewa zama da wani iyali ƴan Tunisiya, masu ƙaramin gida da yalwar zuciya, na daga cikin abin da ya ja hankalinsa.

Masu cewa kuɗi kaɗai ke jan sa suna tsallake shekarar 2010. Toulon ta yi masa tayin sabon kwantaragi mai tsoka, ya ƙi, ya koma gida a kan albashin da bai kama ƙafar wancan ba, don dokar Niyuzilan ba ta yarda wanda ke wasa a waje ya sa baƙar rigar ƙasa ta All Blacks ba. Ya sa rigar a Nuwamba 2010 a karawa da Ingila. A 2011 yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin duniya a gida, da suka doke Faransa 8 da 7. A 2012 ya ci gasar Super Rugby da ƙungiyar Chiefs, ya leƙa Japan, a tsakani kuma yana damben zamani, har ya riƙe kambin masu nauyi na ƙasarsa. A 2013 ya koma wasan 13 a Sydney, wannan karo da Roosters, don cika alkawarin baki da ya yi wa shugabanta Nick Politis shekaru kafin nan. Mutumin da ya karya alkawarin takarda ya cika na musafaha. A shekarar suka ɗauki kofi.

Tsalle tsakanin gida biyu yakan taka wani, ko da mai tsallen bai nufa ba. A 2013 ɗin nan Williams ya ce ba zai je gasar kofin duniya ta wasan 13 ba, aka fitar da sunaye, sa'an nan ya sauya shawara. Don a ba shi gurbi aka cire wani matashi, Tohu Harris. Niyuzilan ta kai wasan ƙarshe, Ostareliya ta lallasa ta 34 da 2. Duk ma'aikacin da aka taɓa janye masa muƙami don wani shafaffe da mai ya dawo daga hutu ya san abin da Harris ya haɗiye.

Ƙarshen 2014 ya sake komawa wasan 15. Ran 31 ga Oktoba 2015, a filin Twickenham na Landan, All Blacks suka doke Ostareliya 34 da 17, ya ɗauki kofin duniya na biyu. Ana cikin zagayen murna wani yaro ya tsallako fili, mai gadi ya kayar da shi. Williams ya ɗaga yaron, ya raka shi wurin iyayensa, ya cire lambar zinariyarsa ya rataya masa. A wasannin Olamfik na Rio a 2016 jijiyar agararsa ta tsinke a wasan farko. A 2017, da ya dawo fili da ƙungiyar Blues, aka ga ya manne tambarin wani banki da ke wuyan rigarsa, saboda addininsa ya hana riba. Aka yi ta surutu, amma ya riga ya sa a rubuta a kwantaraginsa cewa yana da ikon ƙin tallata abin da ya saɓa wa imaninsa, hukumar wasan ta amince. Wannan karo sai da ya karanta takarda kafin ya sa hannu.

Ya buga wa All Blacks wasa 58. Bayan kofin duniya na 2019 a Japan, inda suka zo na uku, ya yi ƙaurarsa ta ƙarshe zuwa wasan 13. Ƙungiyar Toronto Wolfpack ta Kanada, wadda ta samu shiga gasar Super League ta Ingila, ta ba shi kwantaragin shekara 2 da jaridu suka ce shi ne mafi tsada a tarihin wasan. Wasanni ƙalilan aka buga, ƙungiyar ba ta ci ko ɗaya a gasar ba, annobar korona ta tsayar da komai. A Yuli 2020 Toronto ta janye daga gasar, ƴan wasanta na bin bashin albashin watanni, irin bashin da ma'aikatan ƙasar nan suka sha bi a shekarun 1990. Shekara 12 bayan ya bar Bulldogs riƙe da takarda, wata ƙungiya ta bar shi riƙe da tasa. Roosters suka sake buɗe masa ƙofa ya ƙarasa kakar 2020, a Maris 2021 ya ajiye zari-ruga yana da shekara 35.