Wa Ya Gano Kogin Kwara?

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina game da gasar tambaya da amsa da a ke yi mana kowane daren Asabar a ɗakin cin abinci. Bari in tona kaina tun wani bai riga ni ba: gidanmu aka kayar makon jiya, da maki biyu tak. Wanda ya ga dama ya ce zafin kaye ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Na yarda da rabin maganarsa. Sauran rabin kuwa, ga shi.

Tambayar da ta kashe mu ita ce, duniyoyi nawa ke kewaya rana? Ɗan gidanmu ya miƙe ya ce takwas. Alƙalin gasa ya duba littafin da ke hannunsa, ya kaɗa kai, ya juya ga abokan karawarmu. Suka ce tara, aka buga musu ƙararrawa, ɗaki ya ɗauki tafi. Alhali kuwa namu ke da gaskiya. A 1930 wani masanin taurari na Amurka, Clyde Tombaugh, ya hango Fuluto, aka lissafa ta ta tara, aka shekara 76 ana koya wa yara haka. Daga baya aka yi ta gano waɗansu irinta can nesa, har a 2005 aka sami wata wai ita Eris, wadda ta yi kusan girmanta. Masana suka ga in an bar Fuluto cikin lissafi, tilas a shigar da waɗannan ma. Suka taru a birnin Prague a 2006, suka mai da ita cikin ƙanana, gama ko watanmu na sama ya fi ta girma, ba ta kuwa share hanyarta daga sauran tarkacen da ke bi tare da ita ba. Littafin alƙalinmu kafin wannan taro aka buga shi, littafi kuwa ba ya jin labari.

Ban ga laifin alƙali ba, abin da aka miƙa masa ya karanta. Abin da ya hana ni barci shi ne, mu da muka yi tafin nan, malamai za mu zama. In ɗayanmu ya riƙe aji mai yara 40 kowace shekara, Allah kuma ya ba shi shekara 30 bisa aiki, yara 1,200 ke nan suka bi ta hannunsa. Abin da ya haddace a ɗakin cin abinci ran Asabar, shi zai rubuta musu a allo ran Litinin.

Wannan ma mai sauƙi ce, sabon littafi zai gyara ta. Akwai wadda ta fi ta tsufa, wadda ba a yin wata uku ba a jefo mana ita ba, watau wa ya gano kogin Kwara? Kafin a rufe baki, hannu goma sun tashi: Mungo Park! To, jama'a, mu tsaya mu duba. Cikin wannan kwaleji tamu, wadda ta tara mu daga ƙasashe dabam dabam, kowa ya zo da sunan kogin nan daga gida. Mu mu ce Kwara, abokanmu Yarbawa su ce Oya, Ibo su ce Orimiri, can yamma kuma Mandinka su ce Joliba. Mutane ba su raɗa wa abin da ba su gano ba suna.

Shi kansa Park bai ɓoye kome ba cikin labarin tafiyarsa. Likita ne, mutumin Sikotilan. Sa'ad da ya isa Segu cikin watan Yuli na 1796, ya tarar da babban birni a bakin ruwa, jiragen fito na kai da kawowa, mutane sun yi dafifi suna jiran a ƙetarar da su. Sarkin garin ya hana shi ƙetarewa. Ya wuni gindin itace da yunwa, har wata mace da ke komowa daga gona ta ji tausayinsa, ta kai shi gida, ta gasa masa kifi. Abin da ya kai wa mutanensa shi ne labarin cewa a nan kogin gabas ya ke gudu, batun da masanan Turai suka daɗe suna gardama a kai. Wannan aiki ne babba, ya kuwa biya shi da ransa, gama tafiyarsa ta biyu a Busa ta ƙare, a 1806, inda yanzu ruwan tafkin Kainji ya rufe. Amma bai ga inda kogin ya faɗa teku ba. Richard Lander da ƙanensa John su suka bi shi daga Busa har teku a 1830. Kafin nan ma, a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswira a Sakkwato, mai nuna Kwara da garuruwa, aka buga ta a Ingila a 1826. Shi Richard Lander ɗin nan baran Clapperton ne, yana tare da shi har ya rasu a Sakkwato a 1827.

Duk wannan labari mai daɗi, tambayar nan ta haɗiye shi, ta bar mana suna guda. Yaron da aka haifa a Lakwaja ko Jeba, wanda kakansa masunci ne, ka tsaya gabansa ka ce masa wani baƙo ya gano kogin da ya ke wanka a ciki, me ka koya masa? Ka koya masa cewa abin da ke cikin littafi dabam, abin da idonsa ke gani dabam, kuma na littafin shi ke kawo maki. Da an ce, wane Bature ya fara kai wa Turai labarin inda Kwara ta nufa, da tambaya ta miƙe, amsa kuma ta zauna daidai.

Na san akwai waɗanda ke cewa a soke gasar gaba ɗaya, wai hadda ce irin ta aku. Ni ban bi su nan ba. Wanda bai riƙe shekara da suna a ka ba, da me zai yi tunani? Ai ba a gini sai da tubali. Ban da haka, daren Asabar ɗin nan ne kaɗai za ka ga mai lissafi ya leƙa littafin tarihi da son ransa, ɗan ƙwallo kuma ya shiga ɗakin karatu ba wanda ya kora shi. Abin da na ke ƙi shi ne amsar da aka yanke mata jijiya, ba a san lokacinta ba, ba a san dalilinta ba.

Ku dubi fannin wasanni, inda amsa ta fi saurin tsufa. Ran 6 ga Mayu, 1954, Roger Bannister ya yi gudun mil guda cikin ƙasa da minti huɗu a Oxford, abin da ba a taɓa yi ba. Kwana 46 kurum ya yi yana kan gaba, John Landy na Ostareliya ya shige shi. Tun 1999 kuwa Hicham El Guerrouj na Maroko ke riƙe da wannan matsayi. Saboda haka tambayar da ta ce wa ya fi kowa gudu, ba ta ambaci shekara ba, rabin tambaya ce. Na kuma lura littafin nan namu ya san Bannister sarai, amma bai san Emmanuel Ifeajuna ba, wanda ya ciwo wa Nijeriya zinariya a tsallen sama a Vancouver ta Kanada cikin wannan shekara ta 1954, bai kuma san Dick Tiger ba, wanda ya kare kambinsa na damben duniya a Ibadan a 1963.

Ga shawarata ga kwamitin gasa. A jingine tsohon littafin nan. Kowane gida ya kawo tambayoyi ashirin kowane wata, ya rubuta inda ya samo amsarsu, wani malami ya tace su. Bayan haka, wanda ya ba da amsa daidai a ba shi maki biyu kamar da, in kuma ya iya faɗin dalili cikin rabin minti, a ƙara masa ɗaya. Za a ce lokaci zai ƙure, alƙalanci kuma zai yi wuya. Gaskiya ne. A rage tambayoyi daga talatin zuwa ashirin, a sa alƙalai biyu. Gardama lalle za ta ƙaru, amma mu da za mu tsaya gaban yara masu tambayar don me, gara mu saba da ita tun muna nan.

Gidanmu ya riga ya rubuta nasa ashirin ɗin, suna hannun magatakardan kwamiti. Makin nan biyu na Fuluto kuwa, Malam Edita, har yanzu muna bin su bashi.