A DUBA ABIN DA MATASANMU KE CI DA SHA

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, don in ja hankalin iyaye da 'yan'uwana 'yan tireda a nan Sukuntuni da sauran ƙauyukan Kankia da Kusada game da lafiyar samari da 'yan matanmu.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da an sa ranar yarinya, sai ƙawaye su ce ta rame, a je a sayo mata ƙwayoyi a kanti ko wurin masu tallar magani a kasuwa. Galibi akwai Dexamethasone a ciki, wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta shi. To wallahi wannan ba ƙibar lafiya ba ce, kumburi ne. Ruwa yake tarawa a jiki, fuska ta yi suntum, in aka daɗe ana sha ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ƙashi ya yi rauni. Wadda ta saba da shi ma kada ta yanke rana ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali.

Mafi yawan 'ya'yanmu abinci mai gina jiki ne ya yi musu ƙaranci. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 a Nijeriya suna da ƙarancin jini. Yarinyar da jininta ya yi ƙasa za ka gan ta kullum a gajiye, ga jiri, karatu ba ya zama, sai a ce ragguwa ce. Amma mu da muke noma wake da gyaɗa da waken suya, mu ne za mu kwashe su kaf mu kai kasuwar Charanci, har da ƙwan zabi, mu dawo da taliyar leda da lemon kwalba. Haba jama'a! Kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali bakwai. Ina laifin ɗan wake, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da fura da nono? Na san rayuwa ta yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023, amma tiya biyu ta wake da aka bari a gida ba za ta talauta magidanci ba.

Su kuwa samari, da damina gona tana motsa musu jini. Da an gama girbi sai zaman dandali da latsa waya har dare, tafiyar da ba ta kai komai ba ma sai an hau babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na awa ɗaya kowace rana. Da can langa da kokawa da ƙwallo sun ishe mu.

Saboda haka ina kira ga Ƙananan Hukumomin Kankia da Kusada su gyara filayen wasa na makarantu, hukumar NAFDAC kuma ta riƙa leƙa kasuwannin ƙauye. Masu kanti, idan yarinya ta zo neman wannan ƙwaya ba takardar likita, don Allah a ce mata babu.



Naku,
Wani ɗan tireda,
Sukuntuni, Jihar Katsina.