A bar wa tsofaffin motocin tseren Amurka tabonsu

A shekarar 1970, a filin tsere na Laguna Seca da ke jihar Kalifoniya, wani jami'in duba motoci ya jingina da rufin Dodge Challenger ɗin da Sam Posey zai tuƙa, sai rufin ya lotsa. Nan asiri ya tonu: an tsoma bodin motar a ruwan asid don ƙarfen ya sirance ta rage nauyi, har an wuce gona da iri. Makanikai suka garzaya wurin dillalin motoci, suka yanko rufin wata Challenger suka yi wa tasu walda da shi.

To, wanda zai gyara wannan mota a yau, ya ce zai mayar da ita yadda take, wane rufi ne na asalin?

Motar ta fito ne daga gasar Trans-Am, wadda aka fara a 1966. Dokar gasar ita ce a yi tsere da irin motocin da ake sayar wa jama'a, injin kuma kada ya wuce lita 5. Saboda wannan doka Chevrolet ya ƙera Camaro Z/28 a 1967, Ford ya mayar da martani da Mustang Boss 302 a 1969. Mark Donohue ya ci tsere 10 cikin 13 a 1968 da Camaro ɗin Roger Penske, wanda su ma ba baƙin ruwan asid ba ne. Parnelli Jones ya karɓo wa Ford kambu a 1970. Daga nan manyan kamfanoni suka fara janye kuɗinsu, tsadar inshora da matsalar man fetur ta 1973 suka ƙarasa kasuwar.

Yanzu waɗannan motoci sun zama dukiya, kuma a nan nake da ja da wasu masu gyaransu. Sai ka ga an kankare fenti har ƙarfe, an daidaita kowace ƙofa, an shafe waldar da aka yi cikin gaggawa da tsakar dare, mota ta fito tana walƙiya fiye da ranar da aka ƙera ta. Kyau kam akwai shi. Amma motocin nan ba su taɓa zama haka ba. Gogayya suke yi ƙofa da ƙofa, a buge su a miƙe da guduma, mako na gaba a koma fili. Wanda ya goge wannan ya goge shaidar da ta sa motar ta yi tsada tun farko.

Ban ce a bar tsatsa ta ci ta ba. Birki, tankin mai da ƙarafan kariya na cikin mota dole a sabunta su, domin rai ya fi kayan tarihi. Ƙarfen da asid ya cinye shekara hamsin da suka wuce shi ma wani lokacin ba ya gyaruwa. Sai dai duk abin da aka cire a ɗauki hotonsa, a rubuta, a adana shi tare da takardun motar, kada a jefa shi bola.

Har yanzu ana fito da motocin Trans-Am na ainihi su yi tsere a Laguna Seca a taron tsofaffin motoci na watan Agusta. Idan na samu zuwa, waldar rufin Challenger ɗin nan zan fara nema.