A Daina Ƙunshe Ƙuli-ƙuli Da Wasiƙun Kakanninmu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda na ƙasar Birnin Gwari kan wani abu da ya tsaya mini a rai.

Ran kasuwa na sayi ƙuli-ƙuli, aka ƙunshe mini a wata takarda da ta yi ja don tsufa. Ina warwarewa sai ga ajami, ashe wasiƙa ce, har da Bismilla a samanta, mai ya riga ya cinye rabi. Na tambayi yarinyar, ta ce a adakar kakanta ta ɗebo, wadda suka taso da ita da 'yan bindiga suka kore su daga ƙauye. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Sunan Allah fa!

Jama'a, rubutun nan aikin gwaninta ne. Malami ya dafa tawada da ƙaro, ya fiƙe alƙalamin kara, ya jera layi tsaf ba rula, wani lokaci ya sa wasali da ja, kai ka ce aikin wuyan riga ne. In ka ɗaga wata takardar ga rana za ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Irin wannan daga Italiya take, a da fatake ke ratso Sahara da ita daga Tarabulus zuwa Kano. Yau masu iya karanta ajamin ma suna ta ƙarewa, har a ƙananan takardun Naira an cire shi tun 2007.

Ni ma na gaji guda shida wurin tsohona. Ɗaya kakana ne ya aiko daga Kumasi, yana faɗin tsadar goro da wahalar hanya. Wata kuwa iyakar gonarmu ta faɗa, daga kuka zuwa bakin rafi, da sunayen shaidu. Ita ta raba mu rigima da maƙwabci a gaban mai unguwa, da wani dattijo ya karanta kowa ya yi shiru.

Mutanen ƙauyukan bakin dajin Kamuku da suka gudu, hatsi da awaki suka kora, ba wanda zai ga laifinsu. Amma tun da aka yi sulhu har aka sake buɗe kasuwar shanu a Nuwamban 2024, wasu suna komawa gida. Don Allah in an koma a duba adaka da gafaka kafin gara da yoyon damina su ƙarasa su. Kada a liƙa musu salatif. A shimfiɗa su tsakanin fararen takardu, a ɗaga su daga ƙasa, a sa yaro ya ɗauki hotonsu da waya, sannan a nemi tsohon malami ya karanta a rubuta da boko.

Wanda ba zai iya riƙo ba ya nufi Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda tun 1970 ya zama wurin adana irin waɗannan takardu. Ina kuma roƙon masarautarmu ta ware ɗaki guda a fada don wannan aiki, tun da ba kowa ke da kuɗin motar Kaduna ba.

Ragowar wasiƙar ƙuli-ƙulin tana nan wurina, in masu ita sun ga wannan su zo su karɓa.

Naka,
Wani manomi,
Birnin Gwari, Jihar Kaduna.