KOWA YA CI LADAN KUTURU

Ya ku 'yan'uwa talakawa, masu rumfa da masu tebur a kasuwa, ku matso kusa. Yau zancen kuɗin zaɓe za mu yi.

A shekarar 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuwa miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne a wata. Watau lebura sai ya yi shekara fiye da 270 yana tara albashinsa, ba ci ba sha, kafin ya sayi ta APC. A cikin shekarar nan kuma aka ɗaga iyakar abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe daga naira biliyan 1 zuwa biliyan 5.

To, shin wa ke biya? Attajiri da ɗan kwangila. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, tilas ya yi masa aski. Ran da aka ci zaɓe sai a biya su da kwangila, daga harajinku da kuɗin rumfarku.

Tsarin mulki na 1999, sashe na 228, ya ba Majalisar Tarayya ikon ware wa jam'iyyu kuɗi kowace shekara ta hannun hukumar zaɓe. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce a raba kashi 10 cikin 100 daidai wa daida, sauran kashi 90 bisa ga yawan kujerun majalisa. Rabon ba na adalci ba ne, gama mai ƙoshi aka ƙara wa tuwo. Maimakon a gyara, sai dokar 2010 ta soke shi ɗungum, wai akwai jam'iyyun da ba su da kowa sai mai riƙe da jaka. Gaskiya ne, akwai su. Amma ana ƙona rumbu don ɓera?

Ku lura, jama'a. Sokewar nan ba ta raba masu mulki da baitulmali ba. Motar gwamnati tasu ce ran taro, rediyon gwamnati nasu ne dare da rana. Mu kaɗai aka yaye.

Ba kuwa irin na Janar Babangida muke nema ba, wanda ya haifi SDP da NRC a 1989, ya gina musu ofisoshi, sa'an nan ya soke zaɓen 1993. Jam'iyyar da gwamnati ta haifa baiwarta ce.

Ga abin da muke so. A maido da kuɗin a fili, a raba bisa ga ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu. Kada a ba wadda ba ta da mambobi masu biyan kuɗin kati. Doka ta yanke wa takardar takara farashi. Kowace jam'iyya, har da tamu, ta buga sunan duk wanda ya ba ta kuɗi mai yawa.

Kafin ranar nan ta zo, kowa ya je reshensa ya biya kuɗin katinsa. Jam'iyyar da talaka ya ciyar, talaka za ta yi wa aski.